Sunanta na Yanka

A Gayana, gefen kogin Barbis,
ranar da aka cinna wa gonar rake wuta,
toka na sauka kan shanya kamar baƙaƙen fari,
Rukmin na zaune bisa matakalar katako,
ƙafar hagu naɗe da bandeji,
tana fifita da murfin tukunya, tana jiran inuwa.

Likita ya hana ta shayi mai zaƙi.
Shuga, in ji shi, ya cika miki jini.
Ta ce, to ina kake so ya je?
Shekara talatin da ɗaya ina cire masa ciyawa,
yau da furfura za ka ce mu yi rabuwa?

Jikarta Indrani ta shigo da ƙamus na aro,
bangonsa ya ɓalle, an ɗaure da zare.
Kaka, kin san kalmar nan ba Baturiya ba ce?
Yawo ne ya kai ta Ingila.
A Indiya aka yi haihuwa.

Sharkara, sunanta na yanka ke nan,
da harshen Sanskirit aka raɗa mata.
Fatake suka ɗaure ta a mangala sai Farisa,
raƙumi ya yi ta jijjiga ta
har wutsiyar ta zube a hanya,
ta zama shakar a bakin 'yan kasuwa.

Larabawa suka karɓa, suka ce sukkar,
suka matse tsakiyarta kamar bakin buhu,
suka dasa ta a Misira, suka haye da ita Sisiliya.
Attajiran Italiya suka aza ta kan ma'aunin magani,
tsukkero, kaɗan-kaɗan, sai mai hali.
Faransawa suka datse ta, sukr,
ta tsallaka wani siririn teku
ta faɗa littafin cefanen gidan wani basarake,
aka kulle ta a akwati, makulli a ƙugun uwargida,
yau shekara ɗari bakwai, ko da 'yar ƙaruwa.

Rukmin ta ajiye murfin.
Bar ni da masaukanta, yarinya.
Tun farko me take nufi?
Indrani ta bi layin da farce, ta tsaya.
Ta ce, Kaka, an rubuta: tsakuwa.

Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ashe mutanen da ba su yi ƙarya ba!
Tambayi tafin hannun kakanki Budram,
da adda ta mayar kamar bayan kada.
Tambayi yatsuna biyu da na baro a asibiti.
Wanda ya tauna ya sani,
zaƙin a harshe yake, nauyin a ƙasusuwa.

Kakata Sukhiya ta dangwala yatsa a Kalkata
kan takardar da ba ta iya karantawa ba.
An ce mata shekara biyar.
Wata uku tana amai a kan baƙin ruwa.

Kin gani? Gida ɗaya muka fito da kalmar nan.
Ita ta bi tudu, tana sauya riga kowane zango,
mu aka zuba mu a cikin jirgi.
Da muka gamu a nan, tana bakin Bature mai doki,
ta dube mu sama da ƙasa,
babu sannu, babu gaisuwa.

Can masana'anta ta busa ƙahon yamma.
Kwale-kwalen rake na jan jiki a magudana.
Rukmin ta ce, miƙo min kwalbar can.
Kaka, likita fa...
Ba sha zan yi ba.

Ta tsami kaɗan, ja-ja, mai danshi,
ta murza tsakanin yatsa da yatsa dab da kunne,
tana jin ƙaras-ƙaras.
Sake faɗa min sunan.
Sharkara.
Ta maimaita, haƙoran da suka rage suna karo da shi.
Ta ce, kin daɗe a hanya, 'yar'uwa.